Ɗan yayata zai tafi Sin koyon tsara kaya, ga abin da na gani a can

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ko da maganar za ta ɗan yi tsawo. Ɗan yayata ne ya samu gurbin karatu a ƙasar Sin, zai karanci tsara kayan masana'anta, wato sana'ar da ni ma nake ci da ita. Ran da ya zo gaishe mu a majalisa, wani dattijo da muke girmamawa ya ce masa, "Yaro, me za ka koyo wurin mutanen da ba su iya komai ba sai kwaikwayo?" Aka yi dariya, yaron ya sunkuyar da kai. Maganar ta tsaya mini a rai, domin da irin wannan tunanin na sauka a Guangzhou karon farko, kuma sai da ya ci mini wata huɗu tare da kuɗin wani bawan Allah da ya amince da ni.

Mutane da yawa ba su san aikin namu ba. Duk abin da inji ya yi wanda ka riƙe a hannunka, buta ce ko filas ko fitila ko waya, akwai wanda ya zauna ya yanke faɗin bakinsa, kaurin jikinsa, inda babban yatsa zai zauna, har da inda zai fara karyewa idan ya faɗi. Wannan mutumin shi ne mai tsara kaya.

Wani ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, mai shigo da kayan lantarki, ya gaji da fitilun caji da ake dawo masa da su bayan sati uku. Ya ce in tsara masa tasa ta kansa, wadda mai shayi da mai tireda da uwargida a kicin za su yi shekara suna amfani da ita. Na yi wata biyu ina zane a kwamfuta. Na fitar da fitila mai mariƙi lanƙwasasshe kamar wuyan tulu, gindinta mai kauri don kada iska ta kayar da ita. Kowa ya gani sai ya yaba. Muka ɗauki zanen muka tafi Dongguan, birnin masana'antu da ke tsakanin Guangzhou da Shenzhen, wurin masu sassaƙa mol. Mol ɗin nan ba kamar na masu bulo ba ne, dunƙulen ƙarfe ne da ba ya ɗaguwa sai da ƙugiya, ake sassaƙe cikinsa da siffar kayan, a narka roba a ɗura masa da ƙarfi, ta huce a buɗe a fitar. Shi ne ya fi komai tsada kafin a fara yin kaya, kuma idan aka sassaƙe shi ba daidai ba, ƙarfen da aka cire ba ya komawa cikin sauƙi.

Babban ma'aikacin wurin dattijo ne, suna kiransa shifu, wato gwani ko malamin sana'a. Yana yawo da kwalbar shayi, ganyen na iyo a ciki. Ya karɓi samfurin da na zo da shi, ya juya shi a hannu sau uku, ya leƙa ƙarƙashin mariƙin, ya ce "keyi, keyi", ma'ana zai yiwu. Mai masana'antar na zaune, Alhajin da na zo da shi na zaune, kowa ya yi murmushi. Bayan kwana biyu farashi ya zo, ya ninka abin da muka ware, kwanakin aiki ma sun kusa ninkawa. Na ce an ga baƙar fata an tsawwala. Muka je wuri na biyu, muka je na uku, duk kusan farashi ɗaya, kuma duk "keyi" suke cewa. Na dage a kan zanena. Muka biya wani da ya yi mana ragi, samfurin farko ya fito da lotsawa a gindi kamar an danna yatsa a tuwo, mariƙin kuma yana tsagewa wajen fitarwa.

Yarinyar da ke yi mana tafinta ce ta cece ni. Ta ce in koma wurin dattijon farko da yamma, lokacin da maigidansa ya tashi, kuma kada in je da Alhaji. Na je. Ya zuba mini shayi a ɗan ƙaramin kofi, ya haɗa tafukan hannunsa biyu ya buɗe, ya sake haɗawa ya buɗe. Mol haka yake buɗewa, kamar ɓarin ƙwarya biyu, kuma duk abin da ya lanƙwasa ya shiga ciki zai maƙale. Mariƙina yana buƙatar wani ƙarin ƙarfe mai zamewa ta gefe kafin ya saki, nan rabin kuɗin ya tafi. Bangon fitilar na zana shi a miƙe sak, alhali sai an ɗan karkata shi da digiri ɗaya ko biyu robar za ta zame ta fito. Gindin da na kaurara kuwa, roba mai kauri ba ta hucewa lokaci ɗaya, waje ya daskare ciki na janyewa, shi ne lotsawar. Ya ɗauki fensir ya gyara layi uku a kan takardata. Ya mayar da gindin siriri, ya sa masa haƙarƙari daga ciki, ya bar wurin da batir zai zauna ya ba shi nauyin da nake nema. Mariƙin da ya zana ya fi nawa daɗin riƙo.

Na tambaye shi ta bakin tafinta me ya hana shi faɗa mini tun ranar farko. Ya ce ta yaya zai ce wa baƙo mai digiri aikinsa bai yi ba, a gaban wanda ya biya masa kuɗin jirgi? Suna kiran wannan mianzi, wato fuska, abin da mu za mu ce mutunci. A nan ne kunya ta kama ni, domin ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mu da muka taso a gidajen da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mu da muka san cewa "to, bari mu gani" a bakin babba sau da yawa a'a ce, bai kamata a ce sai an fassara mini wannan ba. Na zo ne da kunnen littattafan Turawa da na karanta, inda ake cewa mai tsara kaya ya zana, masana'anta ta aiwatar. A kudancin Sin ba haka abin yake tafiya ba. Rabin tsarin kayan a ɗakin mol ake yinsa, a tsaye, da fensir da maiko a hannu, kuma wanda ya fi kowa sanin abin da zai yiwu sau da yawa bai je jami'a ba kuma ba zai yi magana a taro ba.

Yanzu maganar kwaikwayo. Akwai shi, ba zan kare shi ba, ni ma an yi mini. Fitilar nan ba ta cika shekara a kasuwa ba na ga mai kama da ita a wani shago, da wani suna, da batir mara ƙarfi. Amma wanda ya tsaya nan bai ga komai ba. Ka shiga Huaqiangbei a Shenzhen, unguwa ce guda ta benaye cike da 'yan tebura, kowane tebur da abin da ya ƙware a kai, wannan maɓalli kawai, wancan gilashin waya, wancan bakin caja iri hamsin. Akwai abin da suke kira gongban, allon lantarki na kowa da kowa da za ka saya ka ɗora naka a kai, da gongmo, mol na gama-gari da masana'antu da dama ke amfani da shi. Mai ƙaramin jari ba ya farawa daga tushe. Yana ɗaukar abin da ke akwai ya canza abu ɗaya ko biyu, ya fitar da ɗari biyar, ya ga ko kasuwa za ta karɓa, ya gyara a sati na gaba. A tsakiyar shekarun 2000, da kamfanin MediaTek na Taiwan ya fara sayar da ƙwaƙwalwar waya haɗe da manhajarta a shirye, ƙananan masana'antu suka cika duniya da wayoyin da ake kira shanzhai. Da yawa jabu ne, gaskiya. Amma a cikinsu ne wayoyi masu layi biyu da tocila da lasifika mai ƙara suka yawaita, kuma duk wanda ya yi zamanin "'yar Chaina" a Kano ya san waɗannan abubuwan mu aka yi wa su. Shenzhen ɗin nan, garin da a 1980 aka ware shi yankin tattalin arziki na musamman, a 2008 UNESCO ta sa shi cikin biranen ƙira na duniya.

Kuma kowane gari da abin da ya iya. Fitilu a Guzhen, kayan kicin na lantarki a Shunde, kayan wasan yara a Chenghai, ƙananan tarkace a Yiwu, mol a Huangyan. Idan ka je garin da ya dace, mai roba da mai waya da mai fenti da mai kwali duk suna cikin tafiyar rabin sa'a, sun san juna, suna aika wa juna hoto ta manhajar saƙo ta WeChat da tsakar dare. Abin da ya sa samfurin da zai ci wata a wani wuri suke fitar da shi cikin kwana uku ke nan.

Wannan saurin yana da kuɗinsa. Akwai kalmar da kowane baƙo yake koya da wuri, chabuduo, wato kusan daidai, ya isa haka. Na nemi kore irin na ganyen dogonyaro, aka kawo mini mai haske, aka ce chabuduo. Maganin wannan ba faɗa ba ne. Ka rubuta komai, lambar launi, nauyin roba da giram, ƙarfin batir, sannan a fitar da samfuri guda da ku duka za ku sa wa hannu, kowa ya riƙe ɗaya. Ka rubuta cewa mol ɗin naka ne, ka yi rajistar sunan kayanka da siffarsu a can kafin ka nuna wa kowa, domin dokarsu wanda ya riga yin rajista take bai wa gaskiya. Kuma kada ka sa ran kaya a lokacin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu rufewa suke yi ma'aikata su tafi garuruwansu.

Ina so 'yan kasuwarmu su ji wannan da kyau, domin da idona na gani. Alhaji zai zauna ya ce a rage masa, a rage, a ƙara ragewa. Mai masana'anta ba zai ce a'a ba, na riga na faɗi dalili. Zai karɓi farashin, sannan ya cire bambancin daga inda ido ba ya gani. Batirin da ke cikin fitila girmansa ɗaya ne ko mai kyau ko mara kyau, sai an yi sati ana amfani za a gane. Wayar tagulla ta koma siririya, sabuwar roba ta koma narkakkiyar tsohuwa mai saurin karyewa. Suna da karin magana da ke cewa kowane kwabo da irin kayansa, mu kuma mun ce araha ba ta ado. Layin da ya yi mana fitilar sati uku, shi ne washegari yake yi wa wani kamfanin Jamus kaya masu garanti. Idan kwantena ta iso, mu ce kayan Chaina ba su da inganci, ba mu faɗin abin da aka yi a teburin ciniki.

Wani kuskuren da ban so ɗan yayata ya yi shi ne ɗaukar Asiya abu guda. Daga baya na yi aiki na wasu watanni a wata masana'anta da ke yi wa wani kamfanin Japan sassa, kuma kamar na canza duniya ne. Injiniyan da suka turo, idan aka kawo samfuri, ba ya fara duba gabansa. Juya shi yake yi ya bi layin haɗin ƙasa da farce, wurin da mai saye ba zai taɓa kallo ba, idan farcen ya maƙale sai a koma. Taro kuma ba wurin muhawara ba ne a wurinsu. Kafin a zauna an riga an bi kowa ɗaya bayan ɗaya an ji ta bakinsa, suna kiran wannan nemawashi, asalin kalmar daga tonon gefen saiwar bishiya ne kafin a cire ta a dasa a wani wuri. Na taɓa kawo sabuwar shawara ana tsakiyar taro, ɗakin ya yi tsit, ba wanda ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Da na bi ta hanyarsu bayan sati biyu, aka karɓe ta. Shawara tana daɗewa, amma ranar da aka yanke ta ba mai ja da baya. Kwalbar miyar waken suya ta Kikkoman da Kenji Ekuan ya tsara ta fito a 1961, bayan shekara uku da samfura kusan ɗari, yawancin wahalar a kan bakin kwalbar ne don kada ɗigo ɗaya ya zubo a tebur. Har yau siffarta ba ta canza ba. Japan ɗin nan kuwa, a shekarun 1950 ita ake zargi da kwaikwayon kayan Turawa, kuma wannan zargin na cikin abin da ya sa gwamnatinsu ta ƙirƙiro alamar G ta kyakkyawan tsari a 1957. Na so dattijon majalisarmu ya san wannan.

Koriya ta Kudu kuma nata salon daga sama yake saukowa. A 1995 shugaban Samsung, Lee Kun-hee, ya sa aka tara wayoyi da wasu na'urori kusan 150,000 masu matsala a harabar masana'antarsu ta Gumi, aka farfasa aka cinna musu wuta ma'aikata na kallo. Shekara ta gaba ya ayyana ta shekarar juyin tsara kaya a kamfanin.

To idan sun fi mu sanin mol, sun fi mu sauri, me baƙo daga Kano zai kai musu? Na daɗe da wannan tambayar, kuma fitilar ce ta ba ni amsa. Injiniyoyin sun so su manne jikinta da inji ta yadda ba za ta buɗu ba, ya fi araha kuma ya fi kyan gani. Na ce a'a, a sa kusoshi huɗu masu kwancewa. Suka yi mamaki, wa zai buɗe fitila mai wannan kuɗin? Na nuna musu bidiyon wani mai gyara a bakin titi yana canza wa tocila batir. Na gaya musu a wurinmu ba a jefar da abu don batirinsa ya mutu. Na gaya musu bakin caja ne ke fara lalacewa, domin yaro ake aika wa ya kai ta shagon caji, a cusa a zare da wutar janareta mai hawa da sauka. Na gaya musu ƙurar hunturu tana shiga maɓalli ta kashe shi, kuma a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle a kan teburin mai shayi kusa da wuta. Na ce a yi mata rami a baya, domin a ƙusa ake rataye ta. Dattijon nan ya saurara har ƙarshe, ya sa aka yi wa maɓallin rufin roba mai laushi, aka ƙarfafa bakin cajar da ƙarfe. Ranar ce na fara jin muna magana a matsayin abokan sana'a, shi ya san yadda ake yin abu, ni na san hannun da zai riƙe shi.

Wanda yake shakkar darajar wannan ilimin ya duba wayar da ke aljihunsa. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, an kafa shi a 2006, hedikwatarsa na Shenzhen, kuma da kasuwar Afirka ya girma. Mutanensa sun zauna a garuruwanmu sun lura cewa kyamarorin wancan lokacin ba sa fitar da fuskar baƙar fata da kyau, suka gyara tasu. Sun ga muna yawo da layi biyu ko uku saboda sabis, sun ga wuta ba ta zama, suka ba mu gurbin layi da yawa da batir mai daɗewa, suka sa Hausa da Amharik da Swahili a cikin wayar. Abin da ke ci mini rai shi ne duk wannan mun fi su saninsa, a cikinsa muke kwana muke tashi, amma sai da wani ya taso daga nesa ya rubuta shi a takarda ya mayar da shi kaya.

Akwai wani abu da na karanta da ban manta ba. A 1958 gwamnatin Indiya ta gayyaci Charles da Ray Eames, mata da miji masu tsara kaya daga Amurka, su ba da shawara kan yadda za a koyar da wannan fanni. A rahotonsu abin da suka fi yabawa shi ne lota, ɗan tulun ruwa da ke kowane gida a Indiya, suka jero tambayoyin da siffarsa ta amsa a tsawon zamani: nawa zai ɗauka, yaya mace za ta riƙe shi, yaya zai zuba, yaya za a wanke shi. Daga wannan rahoton aka kafa makarantar tsara kaya ta ƙasa a Ahmedabad a 1961. Da na karanta sai na tashi na ɗauko butar alwalata na zuba mata ido. Tsawon bakinta, yadda take karkata da yatsa biyu yayin da ɗaya hannun ke wanki, yawan ruwan da ke isar alwala ɗaya, duk an daɗe da warware su tun tana ta duma da ta ƙasa, kafin ta koma roba.

Roƙona gare ka, Edita, ka tura wakilinka kasuwar waya ta Farm Centre da layin masu gyaran fanka da fitila a Sabon Gari, ya tambaye su mene ne ke fara lalacewa a kowane kaya, ku buga amsoshin. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa bajekolin Canton a Guangzhou duk Afrilu da Oktoba kuma, su riƙa tafiya da matasan da suka karanci wannan fanni a Zariya da sauran wurare, ko da mutum ɗaya ne ga 'yan kasuwa biyar. Kuɗin tikitinsa bai kai asarar kwantena ɗaya da aka dawo da kayanta ba.

Shi kuwa ɗan yayata, na gaya masa ya koyi yaren da gaske, kada ya dogara da tafinta. Na gaya masa idan aka gayyace shi cin abinci ya je, domin a nan ake sanin juna, ya faɗa tun farko cewa ba ya shan giya, za su zuba masa shayi ba tare da jin haushi ba. Abincin halal ba zai yi masa wuya ba, ya nemi shagunan taliyar Lanzhou na Musulmin ƙasar, kusan kowace unguwa akwai. Kafin ya tafi kuma na haɗa shi da wani mai gyaran waya, zai yi sati biyu a gefen teburinsa da littafi da biro, yana rubuta duk abin da aka kawo da inda ya karye. Jiya ya kira ni ya ce ya cika shafi goma sha ɗaya, kuma fiye da rabi bakin caja ne.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani mai tsara kaya daga Fagge, Kano